Filin Shawara: Alhaji ya sayi jirgin ruwa, yanzu kuma oba-oba

  Gwaggo, matsalata in na faɗa wa ƙawayena dariya suke yi, shi ya sa na kawo miki. Maigidana ya yi ritaya bara. Kuɗin sallamar da na zaci gidan haya zai gina da su, sai ga mota ta sauke mana ƙaramin jirgin ruwa mai inji daga Legas. Yanzu jirgin yana ruwan Tiga, duk Asabar sai ya kwashi yaran nan uku wai za su je kamun kifi su sha iska. Ni kuwa tun da jirgi ya kife da mutane a Bagwai, ko gada aka hau da ni sai na rintse ido. Ban gama hucewa ba sai ga shi da oba-oba guda biyu, wai na jirgin ruwa ne, kuma wai sai ya koma Legas ya yi kwas an ba shi takardar shaida kafin ya fara amfani da su. Gwaggo, mutumin da ke yawo da waya biyu a aljihu, me zai yi da oba-oba sai ka ce ɗan sanda? Kuma wane karatu ne a danna maɓalli a yi magana? Raina ya fara ba ni akwai lauje cikin naɗi a tafiyar Legas ɗin nan. Mun yi cacar baki, na ce yarana ba za su ƙara shiga ruwa ba, yanzu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Uwargida, Nassarawa GRA, Kano.

 Ƙanwata, tunda kin ce ko ba daɗi, to a maganar kwas Alhaji ya fi ki gaskiya. A maganar yara kuwa ki riƙe inda kika riƙe, sai an cika wasu sharuɗɗa da zan zo kansu. Na kai wasiƙarki wurin wani ƙanen maigidana da ya daɗe yana aiki a jiragen dakon kaya kafin ya dawo gida, na tsare shi da tambayoyi har shayinsa ya huce. Abin da zan faɗa miki rabi nasa ne, rabi nawa.

Mu fara da wayar aljihu. Waya mutum ɗaya take kira, shi ma sai kina da lambarsa, sai akwai sabis, sai kuma ya ɗauka. A tsakiyar ruwa da jiƙaƙƙen hannu, jirgi na tangaɗi, yara na kuka, gilashin waya ko yarda ba ya yi a latsa shi. Rediyon jirgi kuwa sanƙira ne a tsakiyar kasuwa: magana ɗaya za a yi, duk mai rediyo a kunne da ke kusa ya ji, ko an san shi ko ba a san shi ba. A kan ruwa wanda ya fi kusa shi ne mai ceto, kuma galibi baƙo ne da ba ki da lambarsa. Saboda haka ne duniya ta ware tasha ta 16, wadda ke kan megahaz 156.8 a zangon VHF, don neman agaji da kiran farko kawai. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, da ke Janiba ita ke tsara wannan, kuma Najeriya mamba ce. Tashar nan ɗaya ce a Apapa, a Jidda, a Landan.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma ina so Alhaji ya karanta wannan da kyau. Muryar VHF miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar ƙasa, ba ta ratsa dutse. Tsayin eriya ne ke yanke nisanta fiye da ƙarfin na'urar. Oba-oba ta hannu ƙarfinta wat 5 ne ko 6, wadda ake kafewa a jikin jirgi wat 25. Mutum biyu kowa na zaune a ƙaramin jirgi da ta hannu, in sun yi sa'a su ji juna a tazarar kilomita 8 zuwa 10. In aka ɗaga eriyar bakin gaɓa ta kai tsayin mita 9, ana iya kaiwa wajen kilomita 16. Ruwan Tiga kuwa, wanda aka tare tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178, ga duwatsu ga lunguna. Cibiyar ceto ta hukumar NIMASA da ke sauraron tasha ta 16 dare da rana a Legas take. Ko da Alhaji zai yi ihu har muryarsa ta dushe, ba za ta ji shi daga Tiga ba. Masuntan da ke kewaye da shi a kwale-kwale kuma ba da rediyon jirgi suke fita ba.

Wato dai takardar shaida ba ta kawo mai sauraro. A daren da jirgin Titanic ya nutse a Afrilun 1912, da mutum fiye da 1,500, akwai wani jirgi mai suna Californian da bai yi nisa da shi ba, kuma yana da rediyo mai aiki. Ma'aikacin rediyon guda ɗaya ne, ya kashe ya je ya kwanta. Bayan wannan musiba ce aka yi yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914, aka soma tilasta wa manyan jirage sauraro ba dare ba rana. Abin da ya rage wa Alhaji a Tiga shi ne ya naɗa nasa mai sauraron da kansa. Alhamdu lillahi guda biyu ya saya. Ɗaya ta zauna a bakin gaɓa, a hannun mutum mai hankali da ba zai tafi cin kasuwa ba, a wuri mai tudu, kuma a san wane jirgi ne zai tashi in an kira, da mai a tankinsa. Nan ne zai sauke girman kai ya je ya gaida Sarkin Ruwa da manyan masuntan wurin, ya yi musu alheri, su san shi su san jirginsa. Su ne suka san inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa, da lokacin da iskar hadari ke juyawa, kuma in wani abu ya faru su ne za su fara isowa.

Yanzu ga tambayarki, wane karatu ne a danna maɓalli. Ni ma haka na ce wa ƙanen maigidan nawa, ya yi murmushi ya ce in gwada. Rediyon nan ba kamar waya ba ce da mutum biyu ke magana lokaci guda. Muddin yatsanki na kan maɓalli, ba ki jin kowa, kuma kin toshe tashar ga duk wanda ke kusa. Mutumin da ya firgita yakan damƙe maɓallin ya ƙi saki, yana ta kira, ana ta ba shi amsa ba ya ji. Abu na farko da ake horar da mutum ke nan: danna, faɗi, ce "oba", saki, saurara. Sai tsarin kiran kansa, wanda ake maimaitawa har ya zauna a baki. In rai na cikin haɗari nan take, a ce "Mayday" sau uku, a faɗi sunan jirgi sau uku, sannan inda ake, da abin da ya faru, da irin taimakon da ake nema, da yawan mutanen da ke ciki. Inda ake shi ne kan gaba, don in batir ya mutu bayan jimla biyu, a ce an riga an faɗe shi. In matsala ce da ba ta kai ga halaka ba, kamar inji ya mutu iska na jan jirgi, kalmar ita ce "Pan-Pan". Akwai kuma "Sécurité" don gargaɗi, misali an ga gungume na yawo a hanya. Ana koyar da yadda ake harhaɗa suna da Alfa, Bravo, Charlie don kada a ji "b" a zaci "d", da yadda ake barin tasha ta 16 a koma wata da zarar an samu juna, da rage ƙarfi zuwa wat 1 in abokin magana na kusa. Kiran ƙarya laifi ne a ko'ina, don haka yaran nan su sani ba abin wasan ɗan sanda da ɓarawo ba ne.

Ki duba jikin oba-obar, wataƙila za ki ga wani jan maɓalli a ƙarƙashin murfi. In aka danne shi na 'yan daƙiƙu, na'urar da kanta take aika saƙon neman agaji ta tasha ta 70, da lambar jirgin da inda yake. Wannan wani ɓangare ne na tsarin ceto na duniya da ake kira GMDSS, wanda ya gama kankama ranar 1 ga Fabrairun 1999. Sai dai maɓallin ba ya aiki yadda ya kamata sai an saka wa rediyon lambar shaida mai alƙaluma tara, MMSI, wadda ta jiragen Najeriya ke farawa da 657, kuma sai tana da GPS. Yawancin na'urorin sau ɗaya suke yarda mai su ya shigar da lambar, in ya yi kuskure sai an mayar wa dillali. Kin ga ashe da abin koyo.

Takardu iri biyu ne, kada ya haɗa su. Akwai ta mutum, mai nuna ya iya aiki da rediyo. Akwai ta na'urar, wato lasisin amfani da zangon. Shaidar ma'aikatan jirgi a ƙasar nan hukumar NIMASA ce ke kula da ita, rabon zango ga waɗanda ba kamfanonin sadarwa ba kuma yana hannun ma'aikatar sadarwa ta tarayya a Abuja, rajistar jirgin kansa a ruwan cikin gida kuwa aikin hukumar NIWA ne, mai hedikwata a Lokoja. Tigan ma tana da masu ita, hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, ya kamata su san da zamansa. Kada ki ce wannan duk ƙaƙale ne. A yanayin tsaron da muke ciki, mutumin da aka tsayar a shingen bincike a hanyar Zariya aka ga oba-oba biyu a but ɗinsa ba takarda, zai sha tambayoyin da furfurarsa ba za ta amsa masa ba. Rasit da lasisi da shaidar kwas su zauna a mota.

Batun lauje cikin naɗi kuwa, ga ma'auni. Shaidar da masu jirgin shaƙatawa ke yi ƙarama ce. A Ingila, inda ƙungiyar RYA ke gudanar da ita da sunan SRC, karatun kimanin awa 10 ne, ana iya yin sa ta intanet, sannan a je gaban mai jarrabawa a yi rubutu a kuma gwada kira da na'ura, kuma ɗan shekara 16 ma yana iya zama. Babbar shaidar GOC ta jami'an manyan jirage ce, ta fi tsawo ta fi tsada, Alhaji ba ya bukatarta. Ya tambayi makarantar abu uku kafin ya biya: wace hukuma ce ta amince da takardarsu, shin zai taɓa rediyo da hannunsa ko allo kawai zai kalla, kuma akwai jarrabawa ko babu. In ya ce miki wata guda zai yi a Legas saboda wannan, to ki ɗaga gira. In kwana biyu ne ko uku, shawarata ki haɗa jakarki ki bi shi, ki zauna a ajin. Ba don gadi ba. Ki yi tunani: a jirgin nan wa ya fi tsayawa, ya fi leƙawa, ya fi kusa da faɗawa ruwa? Shi ne. In ya faɗa, takardarsa na aljihunsa, wa zai yi kira? Wanda ya rage a ciki. Dokar duniya ta yarda wanda ke cikin halaka ya nemi agaji ta kowace hanya ko ba shi da shaida, amma yardar doka ba ta koya wa yaro abin da zai faɗa. Babba a cikin yaran ya koya, ke ma ki koya, a rubuta tsarin kiran da Hausa a leda a manna kusa da sitiyari.

Tsoronki na Bagwai ba abin dariya ba ne, ki bar ƙawayen nan. Ranar Talata 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a ruwan Watari na Bagwai da mutanen ƙauyen Badau, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla rai 29. Allah ya jiƙansu. Lodi ne ya wuce ƙima, ga ba rigunan da ke hana nutsewa. Jirgin da ya kife cikin ƙiftawar ido ba ya ba mutum damar ɗaukar rediyo. Shi ya sa sharuɗɗanki su fara daga nan. Kowane yaro da rigarsa daidai jikinsa, a ɗaure tun daga bakin gaɓa, har da Alhajin, ba a ajiye a ƙarƙashin kujera ba. Kada a wuce adadin mutanen da aka rubuta a jikin jirgin. A fito kafin magariba, dama dokar NIWA ta hana tafiyar dare. In hadari ya haɗo ko hazo ya rufe gaɓa, a fasa. Igiyar nan da ke kashe inji in matuƙi ya faɗi ta kasance a ɗaure a jikinsa. A sa waya ɗaya a jakar da ruwa ba ya shiga, don ita ma tana da ranarta, ga lambar gaggawa ta 112. Ya faɗa miki inda za su nufa da lokacin dawowa, da lambar mutumin bakin gaɓa. In ya cika waɗannan, ki sakar masa yaran. Mutumin da ya ƙi kunna na'urarsa sai ya koya ba shi ne mai ganganci ba, kuma na fi jin daɗin ritayar da ta kai namiji bakin ruwa da 'ya'yansa a kan wadda ta zaunar da shi a majalisa yana ƙirga motocin mutane. Yau da dare ki dafa abin da ya fi so, ki ce ya nuna miki jan maɓallin nan. Za ki ga yadda baki zai buɗe.

*

Gwaggo, barka da war haka. Ni saurayi ne, na gama sakandare da sakamako mai kyau a lissafi da kimiyya, burina aikin jirgin ruwa. Wani mutum ya ce in kawo kuɗi zai samo mini satifiket ɗin rediyon jirgi ba sai na je ko'ina ba, wai da shi kaɗai za a ɗauke ni aiki a Fatakwal. Mahaifiyata ta ce za ta sayar da tumakinta. Zuciyata ta kasu biyu.

Ɗanki, Gama, Kano.

Ɗana, ka ce wa Mama ta bar tumakinta su ci dusa. Takardar da aka samu ba aji ba jarrabawa ta bogi ce, kuma a wannan sana'a ana bincikar lambar kowace shaida wurin hukumar da ta bayar. Ranar da aka gano, ba aikin kaɗai za ka rasa ba, har sunanka. Ko da ta gaskiya ce ma, shaidar rediyo ita kaɗai ba ta ɗaukar mutum aiki. Guda ce cikin tarin takardun da yarjejeniyar STCW ta 1978, wadda aka yi wa babban gyara a 1995 da kuma Manila a 2010, ta ɗora wa jami'in jirgi: horon kashe gobara, taimakon farko, tsira a ruwa, gwajin lafiya da na ido, sannan watannin da mutum ya yi a teku yana koyo.

Hanyar a bayyane take. Akwai makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta tarayya a Oron, jihar Akwa Ibom, wadda ta faro tun ƙarshen shekarun 1970, kuma ta JAMB ake shigarta. Akwai jami'ar harkokin teku a Okerenkoko, jihar Delta. NIMASA ma tana da shirin tura matasa karatun jirgi mai suna NSDP tun 2008, ka riƙa bibiyar sanarwarsu da ta hukumar tallafin karatu ta jiha. Abin da ba za a faɗa maka a talla ba shi ne, samun gurbin koyon aiki a cikin jirgi bayan an gama aji shi ne ƙashin wuyan, mutane da dama sun daɗe suna jira. Ka shiga da saninka. Kafin nan ka je a gwada idonka a ga ko kana bambance ja da kore, don fitilun jirgi da su suke magana, wanda ba ya rarrabewa ba a ba shi tuƙi. Ka koyi iyo, ka kuma gyara Turancinka na baki, da shi ake magana a rediyon teku. Mutumin nan kuma kada ka yi faɗa da shi, ka ce masa kawunka ya hana.

*

Hajiya Gwaggo, ina da oba-oba huɗu da masu gadin gidana ke amfani da su. Abokaina sun shirya fita ruwan Challawa da jirgin haya. In na ɗauki biyu sun wadatar?

Magidanci, Bompai.

Alhaji, don ku ji juna tsakaninku, jirgi da bakin gaɓa a ɗan gajeren nisa, sun fi babu. Amma yawancin na masu gadi a zangon UHF suke, ba sa jin rediyon jirgi, shi ma ba ya jin su, kuma ƙananan cikinsu ƙarfinsu bai wuce rabin wat ba. Ba a yi su don ruwa ba, fantsama ɗaya mai kyau ta isa ta kashe su, in sun suɓuce kuma ƙasa za su yi. Ta jirgi za ka ga an rubuta IPX7 a jikinta, ma'ana tana jure zurfin mita ɗaya na minti 30, wasu har tasowa suke yi saman ruwa suna walƙiya. Akwai oba-oba ƙirar China da ake iya murɗawa su hau tasha ta 16, kada ka bari yaron shago ya yi maka wannan, shiga zangon da ba ka da izini ne. In da su za ku tafi, ku cika batir, ku sa kowace a leda mai zif ku rataya a wuya, ku gwada daga nesa kafin ku yi nisa da gaɓa. Ka kuma ƙirga rigunan da mai jirgin ya tanada da idonka kafin ka biya shi.